Naman da Na Ajiye a Dutsen Kudai

Samari, ku da za ku karanta wannan, ba zan gaya muku sunana ba, don babu abin da zai ƙare ku da shi. Ni ɗan manomi ne daga wani ƙauye a kudancin Katsina. Ban tashi da sata ba. Iyakar aibina ina yaro shi ne gaggawa da son a ce na iya. Ina saurayi kawuna ya ɗaura niyyar Hajji ta ƙasa, ya tafi da ni ina ɗaukar masa kaya. Muka bi ta Barno, muka ratsa Cadi, guzuri ya ƙare mana a Sudan. Nan muka yada zango muna ƙodago a gonakin bakin kogi, nan kuma kawu ya rasu ya bar ni ni kaɗai.

A gonakin nan na koyi aikin da ya kai ni ya baro. Gadu, wato aladen daji da mutanenmu ke kira mugun dawa, ya addabi manoman wurin. Garke guda in ya shiga gonar gyaɗa, sai ya bar ta kamar an yi kaftu. Mai gonar da nake yi wa aiki yakan kawo wata farar hoda daga gari, ya miƙo mini ba awo ba tambaya. In cusa ta cikin dankali, in jera a bakin gona, in tafi abina. Bayan kwana biyu ungulu za su nuna mini inda aiki ya yi kyau. Daji ne, ba mai bi ta wurin sai ni da aladun, don haka hannuna ya saba da ajiye guba a ƙasa in juya baya.

Daga baya na haye teku a kwale-kwalen 'yan fasa-ƙwauri, ba fasfo ba takardar komai. Farkon shekarun sittin ke nan, lokacin da ake rushe gidajen kusa da Harami ana faɗaɗa shi. Na yi Hajji, na ƙi komawa. Na sami ɗakin langa-langa a kan tudu a Misfala, inda Hausawa suka yi yawa. Maƙwabciyata wata tsohuwa ce, Inna Dije, mai sayar wa leburori koko da ƙosai. Ta bar ɗanta Haruna a Sudan da iyalinsa a kan za ta dawo baɗi, shekaru suka yi ta wucewa ba ta koma ba. Ita ta riƙe ni. Ɗan Katsina sarkin sauri take kirana, kuma duk yamma sai ta ajiye mini tuwo da miyar kuka, da ɗan busasshen nama a ciki.

Naman nan yana da asali. Bayan yankan Mina nama yakan fi ƙarfin masu ci. Mutanenmu sai su kwaso, su yanyanka shi sili-sili, su shanya a kan igiyoyi a duwatsun Kudai, su sayar cikin shekara. Al'adar wurin ita ce, duk abin da ya faɗo ko iska ta jefar bayan igiyar da ta kewaye shanya, na tsofaffin mata ne. Da hantsi suke zuwa kala da kwanukansu, ba mai shanyar da zai hana su. Da wannan kalar Inna Dije take yi mini miya.

Ita ce ma ta roƙi wani mutum ya ɗauke ni aiki. Ammu Sulaiman sunansa, haifaffen Makka ne, kakansa Bakano, Hausarsa rabi Larabci. Shi ne shugaban masu kashe karnukan banza a ƙarƙashin baladiyya, wato hukumar tsaftar gari. Karnuka a lokacin sun yi yawa, suna saukowa daga duwatsu suna cizon mutane. Gubar aikin ba a sayar da ita a kasuwa, ba a kuma sa ta cikin hatsi saboda tantabarun Harami. Tana cikin wani gwangwani a akwatin ƙarfe, mabuɗin yana wuyan Ammu. Shi da kansa yake sa ta cikin ƙananan dunƙulen nama, ya miƙa wa kowannenmu hannu da hannu. Ranar da na fara ya kama kafaɗata.

"Isma, ya waladi," ya ce, wato saurara, ɗana. "A nan ba a ajiye wannan a ƙasa a tafi. Mamnu'i, an hana. Ka jefa wa kare, ka tsaya har ya haɗiye. In bai ci ba, ka ɗauke ka dawo mini da shi, mu ƙone."

Na ce to, Ammu. A cikina kuwa dariya nake yi. Ni da na kwantar da aladu masu girman maraƙi, ni za a koya wa guba saboda kare?

Satata ta farko ko kwabo ban samu a kanta ba. Wani tela a layinmu ya yi mini kukan wani kare da ya yagi akuyarsa. Washegari na jefa wa wani kare dunƙule, ya shinshina ya wuce. Maimakon in mayar, sai na naɗe shi a takarda na sa aljihu, na ce wa Ammu ya ci ya gudu kan dutse. Ya ce, "Tayyib." Na kai wa tela dunƙulen, ya kashe karen, ya yi ta yabona a majalisa, kaina ya kumbura. Daga nan sai wannan ya zo, wancan ya zo. Wani ya ba ni shayi da burodi, wani ya ba ni riga, wani agogo. Suka sa mini suna Likita, ni kuma ina amsawa har da gyara zama.

Ana cikin haka Ammu ya ce zai nema mini iƙama, takardar zaman ƙasa, don ya ga ina da himma. Kunya ta kama ni, na yi niyyar dainawa. Amma maganar ta riga ta kai kunnen Garba, wani Badamagare mai babbar shanya a Kudai. Hajji bai daɗe da wucewa ba, igiyoyinsa sun cika maƙil, karnuka suna yi masa ɓarna. Ya tare ni a bakin masallaci. Na ce masa na tuba.

Ya yi murmushi. "Ɗan'uwa, ai ni ba na tilasta kowa. Sai dai in raina ya ɓaci bakina ba ya riƙe magana. Ammun naka ya san sunanka Likita?"

Makka gari ne da duwatsu suka kewaye, kuma kowace hanyar fita akwai askarawa masu tambayar takarda. Ba ni da inda zan gudu. In na ƙi, Garba zai tona ni. In na je na gaya wa Ammu da bakina, na rasa aiki da iƙama, wataƙila a ɗaure ni. Na kwana biyu ina juya abin, ko'ina na duba bango nake gani. A ƙarshe na ce wa Garba sau ɗaya ne tak.

Ya ce shi ba ya taɓa guba, ni zan zo in sa. Ya kuma ce karnukan wurinsa sun saba da silin nama, ba za su kula dunƙule ba. Na kwashe hodar daga dunƙulen da na ɓoye, na cusa ta cikin sili masu kyau, masu kitse, irin nasa na shanya. Bayan sallar asuba na jera su a kan duwatsu, bayan igiya, inda karnukan ke bi. Na san da masu kala. Kada wani ya ce ban sani ba, ni da nake cin miyarsu. Na dai ce wa kaina aikinmu yakan ƙare da wuri, zan dawo in kwashe saura kafin hantsi. Na juya baya na tafi, kamar yadda na saba a gonar gyaɗa.

Da na isa wurin aiki na tarar da mota tana jira. Wani mahaukacin kare ya ciji mutane a Zahir, can ɗaya gefen gari, an ce duk mu tafi. Na hau bayan motar. Muna tafiya rana tana ɗagawa, ina kallon inuwar gidaje tana gajarcewa. Ammu yana zaune kusa da ni, ya dube ni.

"Esh fik? Fuskarka ta canja."

"Cikina ne, Ammu."

Ya miƙo mini ruwa. Wallahi kalma ɗaya ce tsakanina da shi. Da na ce akwai guba a ƙasa a Kudai, da ya bubbuga kan motar direba ya juya, kuma da mun isa. Saura ƙiris in faɗa masa. Sai na tuna iƙama, na tuna bulala, na tuna yadda za a dube ni a Misfala. Na shiga lallashin kaina: ai karnuka sun cinye tuni, ai Garba zai kori matan, ai Inna Dije jiya tana kukan gwiwa, ba za ta fita ba. Na sha ruwan na mayar masa da gorarsa.

Ba mu dawo ba sai bayan azahar. Tun daga ƙasan tudu na hangi mata cike da ƙofar Inna Dije. An riga an rufe ta da zane. Wasu suna cewa zafin rana ne, wasu suna cewa iska ce ta buge ta, don sun ga yadda jikinta ya sandare. Wata maƙwabciya ta gan ni ta fashe da kuka.

"Kai take ta ambata da safe," ta ce. "Ita ta riga kowa zuwa kala. Ta ce yau ɗan Katsina zai ci nama mai kitse. Yanka ɗaya ta ci a bakin murhu."

Tukunyar tana nan a kan murhu. Ina tsaye wata mata ta ɗauki ludayi, ta ce bari a zuba wa yara kada miyar ta lalace. Ban san lokacin da na kai wa tukunyar shuri ba. Na tsaya a kan miyar ina ihu kada kowa ya taɓa, guba ce, ni na sa. Abin da na kasa faɗa wa mutum ɗaya a mota, na faɗe shi a gaban unguwa duka, bayan ya daina amfanar Inna.

Askarawa suka tafi da ni Kudai na nuna musu wuraren. Sauran silin karnuka sun cinye, ba wata tsohuwa da ta ƙara samu. Aka kama Garba, aka kore shi daga ƙasar. Ammu Sulaiman aka karɓe mabuɗin daga wuyansa saboda ni. Sau ɗaya ya zo inda nake tsare, bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Ina gefenka, ya waladi," ya ce. "Na tambaye ka."

Alƙali ya yanke mini bulala da ɗauri saboda cin amana. Jinin Inna kuwa ya ce ba nasa ba ne da zai yafe, na magajinta ne, don haka zan zauna har ɗanta ya zo. Aka ba alhazan Sudan saƙon baki su nemi wani Haruna a gonakin auduga. Wa'adin ɗaurina ya cika, ƙofa ba ta buɗe ba. Ina jin kiran salla yana tashi daga ko'ina cikin gari, ina jin bindigar shan ruwa da azumi, ina jin labbaikar alhazai in shekara ta zagayo, ni kuwa ina tsakanin bango huɗu a garin da na ratsa ƙasashe don in gani. Na yi azumin kaffara. Na roƙi Allah har na rasa kalmomin roƙo. Duk wanda aka kawo daga Sudan sai na tambaye shi ko ya san Haruna, har fursunoni suka mayar da abin tsokana.

Shekarun sittin sun kusa ƙarewa Haruna ya zo. Mutum ne siriri mai furfura a gemu, muryarsa sak ta uwarsa. Aka zaunar da mu gaban alƙali.

"Kai ne?" ya ce.

"Ni ne."

"An ce kai take ba abinci."

Na ce haka ne. Na ɗauka tsinuwa ce za ta biyo baya, sai na ji ya ce, "Ta tsufa ƙwarai? Tana ambatona?" Bai da wanda zai tambaya sai wanda ya kashe ta. Na ba shi labarin kokonta, da gwiwarta, da yadda duk Hajji take zuwa masaukin 'yan Sudan tana leƙa fuskoki. Ya rufe fuska da hannun riga. Da ya ɗago ya ce wa alƙali ya yafe, ba ya son diyya, ba zai iya cin kuɗin jinin uwarsa ba. Ni kuma ya ce mini, "Bawan Allah, kada in sake ganinka."

Daga kurkuku aka sa ni a mota zuwa Jidda, daga can jirgin ruwa. Ko ɗawafin bankwana ban yi ba. Na dawo gida na kama noma, kuma ban sake riƙe guba ba, ko ta ɓera ce.

To, samari, ga abin da zan bar muku. In aka damƙa muku abu mai kisa, ko maganin feshi ne, aka ce ga yadda ake riƙe shi, ku riƙe shi haka, ko da kuna ganin kun fi mai dokar sani. Kada daɗin a ce kun iya ya sa ku miƙa wa wani abin da ba naku ba, don wanda kuka yi wa alfarma a ɓoye shi zai riƙe muku wuya gobe. In kuwa kun riga kun yi ɓarnar, kuka ga ran wani yana hannunku, kada ku tsaya lissafin abin da za ku rasa. Ku buɗe baki tun motar tana iya juyawa.