Ofis a Rumfar Tarakta

A shagon katako na wani ƙauyen Wisconsin a Amurka, Marlys mai shagon tana kallon wani dattijo da ba ta sani ba. Dogo ne, kafaɗunsa sun ranƙwafa kamar rufin da ya daɗe yana ɗaukar ƙanƙara. Yana shimfiɗa takardar zanen gini a gabanta, yana danne gefenta da yatsun da suka tsufa a tatsar shanu.

"Ɗan ofis zan keɓe a cikin rumfar tarakta," in ji shi. "Ki ba ni audugar tare sanyi ta cikin bango mafi kauri, sanyi na tafe."

Marlys ta duba zanen. Ga ƙofa, ga murhu, ga tebur mai tsawon ƙafa shida da rabi a jikin bango.

"Kai, Baba!" ta ce tana dariya. "Wannan tebur ne ko gado? Ko dai mai ɗakin ce ta kore ka?"

Mutanen da ke layi suka tuntsire da dariya. Shi kuwa kunnuwansa suka yi ja.

"Ta rasu bara," ya ce a hankali. "Gidan na ɗana ne yanzu. Jikoki na buƙatar ɗakina."

Marlys ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta yiwu shi ya kafa ginshiƙan rumfar da hannunsa, yana saurayi, bai san makwancinsa yake ginawa ba.

Don ta rufa masa asiri, ta ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji: "Kayan ofis! Talata za a kai maka, ranka ya daɗe."

Ya gyaɗa kai. Ba wanda ya iya duban wani.