Bayan Buhunan Albasa

Karon farko da muka nemi biza, hana ni aka yi. Mijina ne ya kira ya gaya mini, ina tsaye cikin fangalin albasa, ɗan yankin gonar da nake ba ruwa, ruwa har idon sawu. Ya ce Turawan ƙasar da yake zaune sun duba takardunmu, sun ce ba su gamsu cewa aurenmu na gaskiya ba ne.

Na ce, "To auren mi sunka ce muna yi?"

Ya ce akwai masu ƙulla auren ƙarya don kawai su samu shiga ƙasar, shi ya sa ake bincike. Lauyarsa ta ce za mu iya sake nema, amma in aka ƙara hana mu, abin zai yi wuya ƙwarai. Na ce na ji. Na sa wayar cikin zane, na buɗe wa fangali na gaba ruwa.

Ni mutuniyar ƙasar Rabah ce. Ɓarayin daji suka tashe mu daga ƙauyenmu. Mijina na fari ya rasu a ranar, ni na fita da zane ɗaya. Iyakar abin da zan faɗa ke nan a kan wannan. Na iso Goronyo saboda an ce ruwan dam yana bin kanal har da rani, kuma ana neman masu dashe. Na shiga ƙwadago. Wata tsohuwa mai gona a bakin kanal ta ga aikina, ta ba ni ɗaki a gidanta. Inna nake kiranta tun ranar.

Ɗanta ya daɗe da bin hanyar Agadas. Ya haye teku da rai, ya samu takardun zama, yana aiki a gonar tumatir ta wani Bature. Wata rana Inna ta miƙo mini wayarta ta ce, "Karɓi ku gaisa." Ya tambaye ni ko albasa ta fara yin kai. Na ce ta fara. Ya ce in rage mata ruwa. Na ce na riga na rage. Ya yi dariya. Da haka muka fara.

Ranar ɗaurin aure yana Turai, kawunsa ya tsaya masa wakili. Ni ina ɗaka, don mace ba ta zuwa wurin. An ɗauki hoto a ƙofar masallaci: huluna, rawuna, da faifan goro. Ba ango, ba amarya. Wannan hoton muka aika wa Turawa da takardar aure, muna ganin mun cika komai. Bayan auren ya zo gida rani ɗaya, lokacin cirar albasa, ya yi 'yan makonni ya koma. Haihuwa kuwa Allah bai kawo ba tukuna.

Lauyar ta ce a kawo hirar da muke yi ta waya. Ban yi boko ba, shi ma ba wani nisa ya yi ba, saboda haka saƙon murya muke aika wa juna, kullum ba fashi. Ya kai mata su duka, aka fassara. Bayan kwanaki ya kira yana dariya har yana tari.

"Tac ce ta karanta har ta iya noman albasa," in ji shi. "Ruwa, taki, ƙwari, injin ban ruwa ya ƙi tashi. Tac ce ina maganar so?"

"Mi ad daɗin ji da ya wuce albasa ta yi kai?"

"Ke dai ki yi ƙoƙari. Ki aiko mini magana mai daɗi ko guda."

Na je can ƙarshen gona inda ba kowa. Na danna wayar, na riƙe ta a baki. Wayar tana ta ɗaukar kukan kwaɗi da ƙarar inji. Da ƙyar na ce, "Ka ci abinci?" Na saki. Ya amsa da cewa ya ci, taliya ce, kuma ba ta yi daɗi ba. Muka bar wannan hanya.

Saura hoto. Lauyar ta ce ko guda ɗaya ne, a ga mu biyu wuri ɗaya, a lokacin da ya zo gida. Na faɗa wa Inna. Ta ajiye tsintsiya ta dube ni.

"Hoto, ke da shi? Gaba ga jama'a?"

"Haka sunka ce, Inna."

"Su Turawan ga ba su da surukai?"

Gaskiyarta. Duk makonnin da ya yi a gida, da rana ban taɓa zama kusa da shi ba. In ya shigo tsakar gida, sai in faɗa madafa. In na kai masa abinci, in ajiye in juya. Sunansa ma bai taɓa fita daga bakina ba. Abin da aka yabe ni a kai ke nan a unguwa, yanzu shi ne ya tsare mini hanya.

Inna ta ɗauki mayafinta. Ta ce ba yadda za a yi mutum ya yi makonni a gari, wayoyi ko'ina, a ce ba wanda ya kama mu ko bisa kuskure. Muka fara bin gidaje. Tsohuwar nan da ƙafarta mai ciwo, tana sallama tana cewa a fito da wayoyi. Mun ga mijina cikin abokansa a majalisa. Mun gan shi da babbar riga ranar Juma'a. Mun gan ni cikin mata a gidan suna, fuska a murtuke. A hoto ɗaya ga shi zaune yana alwala, ga ƙafar mace ta gifta ta baya. Matan gidan suka yi ta gardama ko tawa ce. Wata ta rantse ta san kaushin. Inna ta ce ko tawa ce, ba a ba ƙafa biza.

Da Goronyo ta ƙare, muka hau mota zuwa Wurno, gidan ƙanwarsa da ke aure can. Abokiyar wasana ce, bakinta ba ya hutawa. Tun daga zaure ta fara.

"Matar Yaya! An ce Bature ya ƙi ki? Halan ya ga hotonki na fasfo ya tsorata."

Na ce, "Ke da anka karɓa, ina kika je? Wurno."

Ta juye wayarta kaf, ba komai sai 'ya'yanta da ɗinkuna. Sai ta rage murya ta ce akwai mai hoto a kasuwa, gwani ne. In an ba shi nawa da na Yaya, zai manna su wuri ɗaya, har da furanni a baya da kujera irin ta masu kuɗi.

Na ce, "Ba ni kai auren gaskiya da hoton ƙarya."

"To ki zauna da gaskiyarki, Yaya ya tsufa shi kaɗai cikin sanyi."

Maganar ta soke ni, amma ban canza ba. Inna ta ce a bar zancen, mu je kasuwa ta sayi tafarnuwa, kada zuwan ya zama na banza.

Ta wurin lodi muka bi. Manyan motoci a jere, 'yan dako suna hawa da buhuna. Can na hango wani dillalin albasa, mai ƙaton tumbi, ya ɗaga waya sama yana ɗaukar tarin buhuna hoto. Na tsaya cak. Shi ne ya sayi albasarmu shekarar da mijina ya zo. Na tuna haka ya yi ta zagaya gonarmu da waya, don yana aika wa masu saye a Kurmi, can kudancin ƙasa, su ga kaya kafin mota ta tashi.

Inna ta yi masa sallama, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta faɗa masa abin da ya kawo mu. Ya shafa gemu.

"Inna, ni albasa nika ɗauka, ba mutane ba."

"Duba dai, Alhaji. Albasa ba ta cire kanta."

Ya sa aka shimfiɗa mana buhu a inuwar mota. Ya ce shi bai taɓa goge hoto ba, don wata rana akan yi musu a kan kaya. Ya fara ja da yatsa, yana komawa baya. Albasa ja, albasa fara, ta Goronyo, ta Wurno, tafarnuwa, taya da ta fashe a hanya, sai albasa kuma. Kowane tari ya san gonar da ya fito. Ƙanwar mijina ta gaji ta sayo rake. 'Yan dako suka fara taruwa, don sun ji ana neman mata da miji cikin albasa.

Ni na fara gane gonarmu, ta wurin bishiyar darbejiyar da ke bakin kanal. Ga buhunanmu a gaba, cike, an ɗinke baki. Alhaji ya ce to ga shi, buhu ne kawai. Ƙanwar ta fizge wayar, ta buɗa hoton da yatsu biyu ta can gefe. Sai ta ƙwala ihu har rake ya faɗi daga bakinta.

"Inna! Zo ki ga munahukai!"

Bayan buhunan, ga mutum biyu. Shi ya sunkuya ya kama bakin daro cike da albasa, ni na durƙusa da gammo a ka. Alhaji ya danna sau da yawa a jere ranar, saboda haka da aka ja, sai abin ya zama kamar yana motsi. Ya ɗaga daron. Ya aza mini. Hannuna yana kan wuyan hannunsa. A na ƙarshe ya jefa kai baya yana dariya, ni ma bakina a buɗe, ina kallonsa ido cikin ido, kallon da ban san ina da shi ba.

Na tuna ranar. Daron ya yi masa nauyi har ya yi nishi, na ce masa Turai ta cinye masa ƙarfi, taliya ba abinci ba ce. Mun ɗauka buhuna sun kare mu.

Na ja mayafi na rufe fuska. 'Yan dako suna tafi, Alhaji yana cewa shi ashe ɗaurin aure yake yawo da shi a aljihu bai sani ba. Ƙanwar tana rawa tana cewa, "Mai kunya! Mai gudu madafa! Dubi hannu, jama'a, dubi hannu!"

Inna ta karɓi wayar, ta kai ta kusa da ido, ta daɗe tana kallo. Na jira faɗa. Ta ɗago ta ce, "Ɗiyata, ashe kina da haƙora." Tun zuwana gidanta ba ta taɓa ganin na yi dariya irin wannan ba. Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce wa Alhaji ya tura wa ɗanta duka, har da na buhunan, don a ga shekara da gona.

Mijina ya kira kafin mu kai tasha. Dariya kawai yake yi. Na ce in ya gama ya kashe, kati yana ci.

Da aka kira ni ganawa a Abuja, kawunsa ya raka ni. Wata Baturiya ce a bayan gilashi, da tafinta Bakano a gefe. Ta ce in faɗi sunan mijina. Na dubi ƙasa, na dubi tafinta, na faɗa. Ban mutu ba. Ta tambayi yadda muka haɗu, na ce uwarsa ta miƙo mini waya. Ta tambayi mi ya sa ba na cikin hoton ɗaurin aure, na ce haka muke yi, shi ma ai ba ya ciki. Sannan ta juyo da hoton bayan buhuna, an buga shi babba a takarda. Ta sa yatsa a bakina da ke buɗe, ta ce mi na gaya masa a nan. Na faɗa mata, har da taliyar. Tafinta ya yi dariya kafin ya fassara, ita kuma bayan ya fassara.

Biza ta fito ana dashen albasa. Na gama fangalin da na fara, na miƙa gonar ga ɗan kawunsa, sannan na haɗa kaya. Inna ta cika mini jaka da kuka da daddawa da gabu, wato busasshen ganyen albasa na miya. Ta ce in je in mayar wa ɗanta ƙarfinsa.

A filin jirgin can kowa yana jan jakarsa a ƙasa. Tawa ba ta da taya, na naɗe ɗankwali na yi gammo, na aza ta a ka. Da ƙofa ta buɗe na gan shi cikin wata ƙatuwar rigar sanyi, ya rame, da wani abokinsa a gefe riƙe da waya. Ya zo ya kama jakar da hannu biyu don ya sauke ni. Ya yi nishi.

Na ce, "Har yanzu?"

Abokin ya tambaya ko ya ɗauka. Na riƙe wuyan hannun mijina, na juyo na fuskanci wayar sosai, na ce, "Ɗauka."