Kujerar Gaba a Motar Mitri

Tun ina koyarwa a Bairut nake shiga motar Mitri, baƙar Marsandi ta haya wadda kowa ke biyan kuɗin kujerarsa. Ran Litinin ya ɗauke ni daga Tarabulus ta Labanan, ran Asabar ya maido ni. Fadocin mishan da suka koyar da ni sun saba mini da lura, shi ya sa na gane cewa in za mu Bairut teku yana hannun dama, rabon mai kujerar gaba ke nan. In muna dawowa sai ya koma ɓangaren direba.

Mitri gajere ne mai gashin baki, kullum da furen yasmin a rataye jikin madubinsa. Ranar da ya auro Wadad daga ƙauyensu na kan dutse, ya yi mata alkawarin zai zaunar da ita a gaba, ya bi da ita bakin teku har ta ƙoshi da kallo. To amma mutum biyu ake cusawa a kujerar nan, kuma bai iya ce wa fasinja a'a ba. Sai ya ce mata bayan Ista. Ista ta wuce, ya ce bayan tsinkar zaitun. Kowace yamma dai yakan ba ta labarin hanyar tana yanka albasa: gonakin lemo, jiragen masunta, da famfunan iska na garin Anfe masu ɗebo ruwan teku zuwa gonakin gishiri.

Daga baya yanar ido ta makantar da shi, ɗansa Jirji ya karɓi tuƙi ya koma sabon titi. Shekaru suka tura. Wata Laraba Mitri ya aiko a kira ni.

"Malam, gobe za a sayar da tsohuwar motar. Zo ka yi shaida na cika alkawari, kada matar nan ta kai ƙarata Lahira."

Wadad ta shiga gaba da rigarta ta zuwa coci. Ni da Mitri muka zauna baya.

"Baba, ta sabon titi yanzu-yanzu mun isa," in ji Jirji.

"Ji ɗan banza! Titin da ba a jin ƙanshin komai sai hayaƙi? Bi ta ƙasa."

Muka bi tsohuwar hanya. Rana ta kwanta a kan ruwan kamar an malala man zaitun, iska mai gishiri tana kaɗa ɗankwalin Wadad. Mitri ya jingina da taga, yana gane wurare da lanƙwasar mota.

"Uwar Jirji, ga gonakin lemo nan. Kin gani?"

Na duba. Benaye ne da shagunan taya.

"Na gani," ta ce. "Ashe ba duka ne ƙarya ba."

"Ni na taɓa yi miki ƙarya?"

"Ista nawa ka ci mini, tsoho?"

Jirji ya buɗe baki, ta ɗora hannu a gwiwarsa, ya yi shiru.

Da muka iso Anfe, Mitri ya miƙe zaune. Gonakin gishirin yawanci sun bushe, ciyawa ta cinye su, famfunan sun karkace da tsatsa.

"Suna juyi?" ya tambaya.

Wadad ta daɗe tana kallo. "Duka suna juyi, Baban Jirji. Farare fat, kamar 'yan mata a wurin biki."

"Ban yarda da ke ba. Malam, kai ba ka ƙarya. Suna juyi?"

Na leƙa sosai. Can kusa da duwatsu akwai guda ɗaya, fukafukansa uku sun rage, yana juyawa a hankali kamar mai gyangyaɗi.

"Ga wanda nake kallo nan yana juyi," na ce.

Ya yi ajiyar zuciya ya koma ya jingina. "Jirji, rage gudu. Bar ta ta kalla."

Muka ci gaba kamar motar tana yawo a kan ruwa. A Batrun muka sha ruwan lemon tsami mai sanyi. Wadad ta ce ta ƙoshi, a juya. Da za mu shiga, sai ta zagayo baya ta taɓa kafaɗata.

"Malam, koma gaba. Yanzu teku ya dawo wannan ɓangaren."

Ta zauna ta tagar bayan direba, ta sauke gilashin, ta kama hannun mijinta. Kafin mu bar garin ta fara gaya masa abin da take gani.