Yadda Na Haɗa Falmata da Manaja

Har gobe ba zan manta ranar da Falmata ta fara shigowa ajina ba. Hannunta idona ya fara gani, ya sha jan lalle, riƙe da 'yar waya da aka ɗaure bayanta da roba. Kafin ta zauna ƙamshin humra ya cika ajin. A lokacin na ci littattafan soyayya na kasuwa fiye da yadda na ci tuwo, don haka nan take na gane babi na ɗaya ne aka buɗe. Ban gama goge allo ba sai da na raɗa wa 'ya'yanmu suna.

Ku sababbin malamai ba ku tarar da makarantar koyon Turancin nan tana ɗaki biyu a unguwar Bulumkutu ba. Madam ce mai ita kuma darakta, sai babban malami, sai ni ƙaramin malami, ɗan Kano da ya zo bautar ƙasa ya maƙale. Ɗalibanmu duk manya ne, 'yan kasuwa da masu keke napep da masu neman aiki a ƙungiyoyin agaji. Falmata aikin karɓar baƙi da amsa waya take nema, an kuma gaya mata da waya za a gwada ta a intabiyu.

Darasin makon shi ne put through. Idan ka kira ofis, wanda ya ɗauka ba shi kake nema ba, sai ka ce put me through to the manager, wato haɗa ni da manaja. Shi kuma ya amsa da I'll put you through, ya haɗa ku. Wanda za a haɗa a tsakiyar kalmomin biyu yake zama. A allo kowa ya gane, amma a waya harshe ƙullewa yake yi.

Dokar Madam ce kowane darasi a yi masa aikin gwaji, kuma sai ta amince. Na kai mata tsarina: mutum uku, mai kira da mai haɗawa da manaja. Kullum bayan La'asar Falmata za ta kira ni, ni kuma in kira manaja in haɗa layin, in tsaya a kai ina gyara musu kuskure. Madam ta dube ni ta saman tabarau, ta tambayi dalilin da ya sa mai neman aikin haɗa waya za ta zama mai kira. Na ce ai mai koyon tuƙi da fasinja yake farawa.

"Malam Sadisu," in ji ta, "kai dai ka san abin da kake yi."

Na sani mana. So nake muryar Falmata ta riƙa shigowa wayata kullum, da izinin hukuma.

Wajen zaɓen manaja na yi dogon nazari. A ajin akwai wani ɗan gayu mai mota daga unguwar Mairi, na tsallake shi, don a littattafai irinsu ne ke ƙwace jaruma. Na ɗauki Bukar, mai sayar da busasshen kifi, mai zuwa aji a kan tsohon keke, wanda bai taɓa kai jimlar Turanci ƙarshenta ba. A duk karatuna ban taɓa ganin an ba mai kifi jaruma ba.

Da farko komai ya tafi daidai. Takan ce put me through a hankali, ni kuma in lumshe ido kamar waƙa aka rera mini. In haɗa su, Bukar ya yi tuntuɓe da gaisuwa, in gyara. Daga baya sai suka fara zamewa zuwa Barbarci. Ni kuwa Barbarcina bai wuce wushe, wato sannu, ba. Nakan ce a koma Turanci, su ba ni haƙuri, su yi jimla biyu su sake zamewa.

Wata rana na ji sunana a tsakiyar hirar, dariya ta biyo baya. Na fahimta sarai: kunya ta hana ta gaya mini, shi ya sa take buɗe wa Bukar cikinta don ya kawo saƙo. Na sayi sabuwar hula zanna. Na fara ba Bukar makin da ko shi da kansa yake mamaki.

Sai kira ya ɗauke. Da na tambaye ta a aji, ta sunkuyar da kai ta ce ta karɓi lambar manaja, don kada su riƙa wahalar da ni. Wannan ma na sa shi a layin kunya.

Bayan Babbar Sallah Bukar ya same ni a ofishin malamai da ledar kifi, ya durƙusa ya ce magana ce a kan Ya Falmata. Na gyara zaman hula. Ya ce baffanninsa za su je gidansu a unguwar Lamisula neman aurenta, amma mahaifinta mutum ne mai tsanani, ya ce sai ya san inda suka haɗu. In a titi ne, babu maganar.

"Malam, kai ka haɗa mu," ya ce. "In ba ka je ka faɗa ba, ba zai yarda ba."

Na je. Na zauna a kan tabarma cikin hular da na saya don wata hidimar daban. Tsohon ya tambaye ni ko gaskiya ne a wurin karatu suka san juna, kuma ko ina kan layi duk lokacin da na haɗa su. Na ce ina kai. Ya ce kuma ina jin abin da suke faɗa?

"Kowace kalma, Baba," na ce.

Ban yi ƙarya ba. Ji ya tambaya, bai tambayi ganewa ba. Aka yi addu'a, na shafa tare da kowa. Da na ba Madam labari sai da ta cire tabarau ta share hawayen dariya, sannan ta ce in dai ci kifin.

Falmata ta ci intabiyu. Bara Madam ta sa ni kiran wata ƙungiyar agaji kan horar da direbobinsu, sai ga muryar nan, da Turanci tas babu gargada. Ta gane ni tun kafin in gama sallama. Yanzu ita ce shugabar masu karɓar baƙi, Bukar kuma motar kifi gare shi. Ta ce ɗansu na biyu sunana ya ci, wanda ko a jerin sunayen da na raɗa ranar farko babu shi. Sannan ta ce I'll put you through, na ji ƙit, ta sauka daga layin.

A nan na ga abin da ban iya ba duk da ni na koyar. Aikinmu na malamai haɗawa ne, mu haɗa mutum da abin da ya zo nema. In ka haɗa, ka sauka daga layi.