Kawu Ilu da Taɓaryar Gwaggo

Duk wanda ya san Kawu Ilu na Bakori ya san ba a ɗaga komai a gabansa a zauna lafiya. Ko buta ka sunkuya za ka ɗauka, sai ya sa ka ajiye ka sake, wai gwiwa ce ke lanƙwashewa, ba baya ba. Shi fa tela ne, bai taɓa dako ba, amma ya naɗa kansa alƙalin bayan jama'a.

Da taɓaryar matarsa, Gwaggo Asabe, yake awo. Zai ɗora maka ita daga ƙeya zuwa ƙugu, in ta yi rawa ka faɗi. Ranar da ya tare wani mai lodin masara a kasuwa, sai ga Gwaggo ta biyo sawun taɓaryarta. Ya ce ta yi haƙuri, rai yake ceto. Ta ce abin da zai ceci nasa ran yana can cikin turmi, ba a daka ba.

Ko liman bai tsira ba. Kawu ya yaba masa ruku'u, har ya ce asara ce da bai shiga dako ba.

Ni kuwa a Funtua na shiga sahun masu ɗaga ƙarfe, irin na gwangwani da siminti. Wata safiya na ɗago shi daga ƙasa, ƙuguna ya riƙe. Ga kaka ta ƙarato, ga masarata a Maska, ba mai kwasa sai ni. Wallahi na tsorata, na ɗauka bayana ya tafi ke nan. Likita ya ce tsoka ce kawai, in riƙa motsi a hankali.

Kawu ya zo dubiya, ina jiran sannu.

"Ƙarfen za a yi wa sannu," in ji shi, "shi aka wulaƙanta."

Da na warware, ya sa ni ɗaga bokiti ba ruwa, taɓarya a bayana, maƙwabta na dariya. Haushi kamar ya kashe ni.

Ranar kwasar masara ya biyo ni gona. Na tsuguna, na ɗaga buhun farko, na miƙe, ban ji komai ba. Daɗi ya sa na kusa kuka. Ya zagaye ni yana neman laifi, bai samu ba.

"To, an dai ɗauka," ya ce, ya juya yana goge ido, wai ƙura ce.

Bai ga wata kakar ba. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sauƙaƙa masa nauyin kwanciya, Ya tashe shi a miƙe.