Tagogin Gishiri

Sana'ata sayar da janareto ce, a unguwar Lamisula, Maiduguri. Babbar 'yata ta karanci kimiyyar sinadarai a ƙasar waje, ta dawo koyarwa da wata na'ura da malamanta suka ba ta. Tun ranar da ta sauka ta faɗa mini: in na'urar ta yi aiki a nan, ta zauna, in ta ƙi, can suna jiranta.

Na tambaye ta aikin abin. Ta ce ƙwayoyin da ke cikin iskar gas, da furotin na jini da madara, kullum rawa suke yi, kowace da irin tata. Na'urar tana harba musu hasken da ido ba ya gani, irin ɗumin garwashi, cikin saurin da ƙiftawar ido ba ta kusa da shi, sai ta karanta rawar.

"Uwata, duk garin nan rawa yake yi, ke ta madara kika gani?"

"Ai ita ce matsalar, Baba. Teburin nan ya motsa, aiki ya ɓaci."

Lokacin an kayar da turakun lantarki a daji, gari ba wuta. Na kai mata janareto mafi lafiya a shagona, ya girgiza ɗakin da na'urar take. Sai na yi dabararmu: na haƙa rami nesa da bango, na zuba yashi, na jera tsofaffin tayoyi, na ɗora shi. Ta aza kofin ruwa a teburin, ko motsi. Ta nuna mini wani layi yana hawa da sauka a allo. Ban gane komai ba, amma na kira mahaifiyarta na ce yarinya ta zauna.

Da damina hanya ta rufe, mai ya yanke. Ni da ba gidan man da bai san ni ba, na rasa ko galan. Janareto ya mutu, wata na'urar da ke busar da iskar ɗakin ta tsaya. Ko da hanya ta buɗe, ƙananan tagogin cikin na'urarta da hasken ke ratsawa sun yi fari kamar ido mai yana. Ashe da gishiri aka yi su, sun sha laima. Injiniyan da zai canza su ya ce ba zai zo Maiduguri ba.

Ita mai take ta nema, ni ma mai nake nema. Da na san gishiri ne, da a durom ɗin shinkafa na binne su na toshe bakin, yadda 'yan tireda ke tsallakar da nasu damina.

Ta tafi bayan sallah. Can aka haifi jikokina. In na kira, Hausarsu iyakarta gaisuwa.