Haihuwar Mathurine ta Huɗu

Mathurine ba 'yar garin Lauzenac ba ce. Daga hayin kogi aka kawo ta gidan Léonard mai gonar inabi, da akwatin katako da tunkiya guda, kuma har ta tsufa ba ta iya haɗa ido da mutum ba. Ta haifi mata biyu a jere lokacin da rumbu ke da nauyi, aka raɗa musu suna ba wanda ya ce uffan. Ciki na uku ya zo shekarar da ƙanƙara ta kashe inabi. Surukarta Guyonne ce ta karɓi haihuwar, ta naɗe abin a tsumma ta ce bai zo da rai ba. Mathurine kuwa ta ji kukan da kunnenta, siriri kamar na ɗan kyanwa. Ba ta tambaya ba. Aka binne a bayan lambun kabeji.

Haka abin yake a garinmu. Jaririn da ba a kai coci an yi masa baftisma an buga masa ƙararrawa ba, bai zo duniya ba tukuna, ba mai tambayar inda ya shiga. Shi ya sa in shekara ta yi muni, sai a ga maza ake ta haifa a gidajen manoma.

Haihuwa ta huɗu ta zo da hantsi, a tsakiyar sanyi, gidan ba ko ɓawon gurasa.

"Inna, me aka samu?"

"Abin da kika saba." Guyonne ta yanke cibiya, ta ajiye jaririyar a kwandon bakin ƙofa inda iska ke shigowa, ko rufe ta ba ta yi ba. "Ba ta da ƙwari. Ba za ta kai yamma ba. Kwanta ki huta."

"Ku miƙo min ita ta sha."

"Ta sha me? Ruwan kabeji ne zai zama nono?"

Léonard na tsaye yana murza hula a hannu. Mathurine ta ce, "Maigida, don Allah ka kai ta coci. Yanzu."

"Ai sai an nemo uwar baftisma da za ta riƙe ta a coci," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Gobe." Ya saɓa gatari ya fita.

Da Guyonne ta tafi rijiya, Mathurine ta dafa bango ta miƙe. Ta cusa jaririyar cikin rigarta, jikin ya riga ya yi sanyi ƙalau, ta fita.

Mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in Fada, limamin coci, ya sa mata albarka. Kafin nan, in ta leƙa rijiya ruwan ya ɓaci, in ta shiga gida giyar gidan ta yi tsami. Don haka duk inda ta doso sai a ji ana jan ƙofa. Ta ƙwanƙwasa wa ƙawarta Peyronne.

"Ke! Kin haukace? Kar ki tako min dokin ƙofa!"

"Ki riƙe min ita a coci kawai."

"Surukarki ta sani?"

Peyronne ta rufe tagar da ta leƙo ta ciki.

Ta ci gaba da jan ƙafa, jini na gangarowa cikin takalmin katakonta. Abu ɗaya ya rage mata: a al'adar garin, wanda ka tare a kan hanya da jariri ka roƙe shi, ba ya ƙi. A kwanar maƙera ta ci karo da tsohuwa Barbe mai kiwon aladen gari.

"Ni? Uwar baftisma?" Barbe ta ƙyalƙyale da dariya. "Me zan ba ta, wutsiyar alade?"

"Hannunki kawai, Iya."

Tsohuwar ta dubi jinin da ke ƙasa, dariyar ta ɗauke. Ta goge hannu a zani. "Kawo ta, shashasha. In kika faɗi a nan ba ni zan ɗauke ki ba."

A matakalar coci Mathurine ta tsaya, don ba ta da ikon wuce nan. Ta jingina da dutse ta kasa kunne. Tana jin muryar Fada, ba ta jin ta yarinyar. Tun daga gidan Peyronne ba ta motsa ba. Ko gawa ta miƙa wa tsohuwar? Sai da aka sa wa jaririyar gishirin baftisma a harshe ta tsala kuka, ƙararrawa ta biyo baya, gajeren bugun da ake yi wa mace. Aka sa mata suna Barbe.

Guyonne ba ta yi faɗa ba. Tana zuba miya ta ce, "Kin kyauta. Gari ya ji, yanzu ba mai taɓa ta. Amma tukunyar nan ba ta ƙaru ba."

Washegari Léonard ya kama hannun babbar 'yarsu Guillemette, wadda ko famfara ba ta gama ba, ya nufi birni da ita aikatau gidan wani majemi. Yarinyar na ta waiwaye tana tambaya ko Mama za ta biyo su. Mathurine na bakin ƙofa da jaririya a ƙirji.

Ƙaramar Barbe ta rayu, ta yi aure a nan cikin gari. Guillemette kuwa, ko labarinta bai dawo ba.